Yadda Ake Ɗaura Ƙarfen Tokarar Shasi da Ɗaure Notunan Ƙafar Mota Daidai

Mutane sun yi ta tambayata a kan ƙarafunan nan da ake saya a ƙara wa mota don jikinta ya rage murɗewa a kwanar hanya: wanda yake haɗa kawunan shoka biyu a ƙarƙashin bonet, da waɗanda ake ɗaurawa ta ƙasan mota. Wani ya saya ya rasa ta inda zai fara, wani ya ɗaura sai motar ta fara ja gefe ɗaya, wani kuma bayan 'yan watanni ya fara jin ƙara a ƙafa. Da ka bi diddigi, yawancin matsalolin nan daga ɗaurin noti suka taso, ƙarfen kansa lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa na haɗa ayyukan biyu a wuri ɗaya, kuma a kan ɗaurin zan fi daɗewa.

A bakin aiki komai noti muke ce masa. A nan zan raba su don kada mu rikice: dogon mai kai shi ne bol, wanda ake murɗa masa shi ne noti, haƙoran da ke jikinsu kuma tiredi. Ƙarfen da za mu ɗaura zan riƙa ce masa ƙarfen tokara.

Mataki na 1: Duba lafiyar ƙafar motar tukuna

Ƙarfen tokara ba ya gyara shokar da ta mutu, ba ya rufe bushin da ya yage, wato robar da ke gaɓoɓin ƙafar mota. In ka ɗaura shi a kan lalatacciyar ƙafa, ƙarar da girgizar ma ƙara fitowa za su yi. Ka duba shoka ko tana yoyon mai, ka haska bushin da tocila ka nemi tsaga, ka girgiza taya ka ji ko boljoyin (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai) da tayirod (sandar da sitiyari ke juya taya da ita) suna wasa. Ka leƙa gidan shoka sama da ƙasa: in akwai tsatsa mai cin ƙarfe ko tsaga kusa da ramukan noti, wannan aikin mai walda ne, ka ajiye zancen tokara sai an gyara.

Motar da nauyinta ke hawa kai tsaye a kan shoka da sifirin a haɗe, irin ƙafar da ake kira MacPherson, ita ta fi amfana da ƙarfen sama, saboda wani ɓangare na turin da taya ke yi a kwana yana isa gidan shokar kai tsaye. Wadda take da hannun ƙarfe biyu masu haɗa taya da jikin mota, na sama da na ƙasa, bambancin da za ka ji kaɗan ne.

Gargaɗi: ka sayi ƙarfen da aka ƙera wa samfurin motarka da shekararta. Ko da sunan mota ɗaya ne, girman inji ko ɓangaren da sitiyari yake yakan canza inda batir da tankin man burki suke zama.

Mataki na 2: Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Za ka buƙaci sifana mai awon ƙarfi, wadda take yin ƙara "ƙas" in ta kai adadin da aka saita mata. In da hali ka samu biyu: ƙarama ta wajen 10 zuwa 60 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan) saboda notunan sama, da babba ta wajen 40 zuwa 200 Nm saboda na ƙasa da na taya. Sai saitin bokis (kawunan sifana masu hawa kan noti) mai kusurwa shida, dogon hannun kwance noti, jak, madogaran ƙarfe aƙalla biyu, katakon tare taya, tef ɗin awo, buroshin waya, man kwance tsatsa irin su WD-40, alƙalamin fenti, da tocila.

Kuɗin aikin gida huɗu yake shiga: ƙarfen kansa, sababbin bol da notuna, sifanar awo in ba ka da ita, da alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, bayan an gama aikin ƙasa. Mutane kan lissafa na farko su manta da sauran ukun. Sifanar awo ana iya aro ko haya, amma sababbin bol ba abin da za ka yi wa rowa ba ne. Su ne mafi arha a cikin lissafin, kuma su ne ke riƙe da ƙafar motar.

Wajen zaɓen ƙarfen sama, wanda aka yi masa walda ya zama guda ɗaya ya fi tauri. Mai gaɓa a kowane gefe ya fi sauƙin ɗaurawa da cirewa, sai dai gaɓar tana cinye wani abu daga taurin da ka biya kuɗi dominsa. Lokaci kuwa, na sama ba ya wuce awa ɗaya. Na ƙasa ka ware masa rabin yini, musamman in motar ta sha tsatsa.

Mataki na 3: Nemo adadin ɗaurin kowane noti, ka rubuta

Kafin ka taɓa sifana, ka samo littafin gyaran motarka ka rubuta adadin kowane notin da za ka kwance a takarda. Takardar da ta zo da ƙarfen za ta ba ka adadin notunan jikin ƙarfen. Duk notin da na motar ne tun asali, adadin kamfanin motar za ka bi.

Ka lura da ma'aunin. Wani littafin da Nm yake rubutu, wani da ft-lb, kuma 1 ft-lb daidai yake da kusan 1.36 Nm. In littafi ya ce 100 Nm kai kuma ka saita 100 a layin ft-lb, ka ɗaure da 136 Nm ke nan. A ƙaramin bol wannan ya isa ya tsinka shi.

A kan kowane bol na kirki akwai lambar ƙarfinsa: 8.8, 10.9 ko 12.9. Don ka san inda lissafi yake dosa, bol M8, wato mai kaurin milimita 8, mai lamba 8.8 yakan ɗauki wajen 25 Nm, M10 wajen 50, M12 wajen 85. In lambar 10.9 ce, M10 yakan kai wajen 70, M12 wajen 120. Na kawo waɗannan ne don in ka ga adadin da ya yi nesa da su ka tsaya ka sake dubawa. Ba su maye gurbin littafin ba. Kada ka musanya bol mai 10.9 da mai 8.8, kuma duk bol ɗin da kansa babu lamba, kada ya kusanci ƙafar mota.

Gargaɗi: in ka ga an rubuta adadi da kusurwa, misali 70 Nm sannan a ƙara digiri 90, yawanci wannan bol ɗin sau ɗaya ake amfani da shi. An ƙera shi ne ya ɗan miƙe yayin ɗauri, kuma in ya miƙe ba ya komawa. Motocin Volkswagen, Audi da BMW suna da irinsu da yawa a ƙafa da kurosmemba, wato babban ƙarfen ƙasan mota da hannuwan ƙafa ke ɗaure a jikinsa. Haka noti mai zoben roba a ciki, da wanda aka ɗan matse bakinsa don ya kama: in an kwance, sabo ake sawa.

Mataki na 4: Riƙon sifanar awo

Abin da yake riƙe ƙarafuna biyu shi ne jan da bol yake yi in an ɗaure shi, kamar sifirin mai tauri. Daga ƙarfin da kake sawa a hannu, kusan kashi 90 cikin 100 a gogayya yake ƙarewa, tsakanin tiredi da ƙarƙashin kan bol. Kashi 10 ne kawai ke zama jan. Ka ga ke nan duk abin da ya canza gogayyar ya canza ɗaurin. Tiredi mai tsatsa zai sa sifana ta yi ƙara tun bol bai kama ba. Tiredin da aka shafa wa giris kuma zai sa ka wuce gona da iri alhali sifana tana nuna maka daidai. Adadin da ke littafi na busasshen tiredi mai tsabta ne, sai in an faɗi akasin haka. Don haka ka goge da buroshin waya, ka share man kwance tsatsan da ka fesa, ka bar shi ya bushe.

Ka riƙe sifanar a tsakiyar mariƙinta, ka ja a hankali ba tare da fizga ba. Da ta ce "ƙas", ka tsaya. Kada ka maimaita sau biyu sau uku wai don ka tabbatar, kowace maimaitawa ƙara ɗauri take yi. Kada ka yi aiki da ita a can ƙasan ma'auninta, domin a ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyakarta ba a dogara da ita. Shi ya sa babbar sifana ba ta dace da notin 25 Nm ba. Kada ka kwance noti da ita, kada ka zura mata bututu don ƙarin tsawo. Miƙaƙƙen ƙarin bokis ba ya canza adadi. In ka gama, ka mayar da ita ƙaramin adadinta kafin ka ajiye, kuma a riƙa gwada sahihancinta kamar sau ɗaya a shekara.

Ɗaurin kusurwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Bayan ka kai adadin farko, ka ja layin fenti daga kan bol zuwa jikin ƙarfen da ke gefensa. Digiri 90 kwatar zagaye ne. Daga kusurwar kan bol zuwa ta kusa da ita digiri 60 ne, wannan zai taimaka maka wajen ƙiyasi. Ka yi da dogon hannu na yau da kullum, a ja ɗaya in wuri ya ba ka dama.

Gam ɗin noti kuwa, sai inda aka ce a sa. Shuɗin, irin Loctite 243, yana kwancuwa da sifana. Jan, irin 271, sai an gasa shi da wuta kafin ya saki, kuma wuta kusa da bushin na roba ɓarna ce. Ɗigo ɗaya ko biyu ya isa.

Mataki na 5: Awo da alama kafin a kwance komai

Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, iskar tayoyi daidai, sitiyari a miƙe. Ka auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin madigadi a tsaye, a duk ƙafafu huɗu, ka rubuta. Daga tsakiyar cibiya za ka auna, domin wannan awon yana nan ko an cire taya. Shi ne zai gaya maka tsayin zaman motar a Mataki na 8.

Sannan ka zagaye kowane noti da washa da fenti a inda suke zaune. A wasu motocin ramukan gidan shoka dogaye ne, a can ake saita karkatar taya. Wasu bol ɗin ƙasa kuma suna da washa mai karkataccen rami, aikinsu ke nan su ma. In ba ka yi alama ba, ba za ka san inda suke da ba. Ka ɗauki hoto da wayarka. In motar ta tsufa, ka fesa man kwance tsatsa tun daren da ya gabaci ranar aikin.

Mataki na 6: Ɗaura ƙarfen sama

Wannan a ƙasa ake yin sa, tayoyi huɗu suna taka ƙasa. Nauyin motar ne yake danne kan shokar a gidanta, shi ya sa za ka iya kwance notunan ba tare da komai ya faɗo ba. In ka ɗaga motar ka kwance su, shokar za ta zame ƙasa, ta ja tiyon burki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki.

Gargaɗi: notin tsakiya, babban nan da ke kan sandar shoka, kada ka taɓa shi. Shi ne yake riƙe da sifirin a matse. Ƙananan da ke kewaye, biyu ko uku, su ne naka.

Ka fara da gefe ɗaya. Ka kwance notunan, ka share wurin, ka ɗora farantin ƙarfen ya zauna daram ba tare da ya hau kan waya, walda ko roba ba. Ka mayar da notunan da hannu, ka bar su sako-sako. Ka yi haka a ɗaya gefen. Tsakanin nan kada ka tura motar, kada ka juya sitiyari.

Yanzu ka duba tsawon tiredin da ya rage. Farantin ya cinye 'yan milimita, kuma dole noti ya shige gaba ɗaya, a ga aƙalla zagaye biyu na tiredi sun leƙo ta samansa. In bai kai ba, kada ka ci gaba. Sai an sa dogayen bol a hular shokar, ko a nemi faranti mara kauri.

Sai ka ɗora sandar tsakiya. In mai saiti ce, ka murɗa tsawonta har bol ɗin gaɓa su shige da yatsa, babu duka, babu banƙara. Wasu sukan tsawaita ta don ta tura gidajen shoka waje, wai ta fi kamawa. Ban yarda da wannan ba. Kana canza karkatar taya ne ba tare da awo ba, kuma kana ɗora wa siririn ƙarfen jikin mota lodin da zai zauna a kansa dare da rana. Aikin sandar ta riƙe tazarar da ta tarar.

Tsarin ɗauri: notunan gidan shoka da farko, a zagaye biyu, rabin adadi sannan cikakke. Bayansu bol ɗin gaɓa, sai notunan kulle saiti a ƙarshe. Waɗannan na gidan shoka ƙanana ne, da yawansu M8 ko M10, kuma a nan aka fi tsinka bol saboda hannu ya saba da manya.

Kafin ka rufe bonet, ka dunƙula takardar alminiyam kamar girman ƙwai, ka ɗora a wurare uku a kan sandar. Ka sauke bonet a hankali har ya kulle, ka buɗe. Kaurin da dunƙulen ya koma shi ne tazarar da ke tsakani. In ya baje ya zama kamar takarda, bonet ɗin yana taɓawa, kuma wata rana za ka ga ƙullutu ya fito ta waje. Ka duba tazara da kan batir mai alamar tarawa, domin ƙarfe in ya haɗa shi da jikin mota gobara ce. Ka tabbata murfin man burki yana buɗuwa. Inji yana motsi a kan kujerunsa in an taka totur, saboda haka ka bar masa aƙalla santimita ɗaya da rabi.

Akwai motocin da kan shokarsu ba shi da ƙananan notuna ko kaɗan, sai an huda jikin mota. In taka irin wannan ce, ka auna sau biyu, ka leƙa abin da ke ƙarƙashin wurin, kuma ka shafa fenti a bakin ramin saboda tsatsa.

Mataki na 7: Ɗaga mota da ɗaura ƙarfen ƙasa

Ka ja burkin hannu, ka tare tayoyin da za su zauna a ƙasa. Ka ɗaga ta inda littafi ya nuna, ka sauke ta a kan madogarai, ka girgiza ta da ƙarfi ka ga ba ta motsi.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya. Bulo ma ba madogari ba ne, yakan fashe ba tare da ya ba da alama ba. Allah ya kiyaye.

Ƙarfen ƙasa iri biyu ne. Akwai wanda yake shiga ramukan da kamfani ya bari babu komai a cikinsu. Wannan mai sauƙi ne: ka wanke tiredin ramin da kyau, domin ya shekara yana shan ƙasa da ruwa. Akwai kuma wanda yake raba bol da kurosmemba ko da hannun ƙasa, kuma shi ne mai buƙatar natsuwa.

In bol ɗin kurosmemba ne, ka tokare kurosmembar da jak da guntun katako kafin ka kwance. Kada ka cire duka a lokaci guda. In ta gusa da milimita biyu ko uku, sitiyari zai karkace, motar ta fara ja. Ka cire waɗanda ƙarfen yake buƙata kawai, sauran su zauna a ɗaure.

Ka gwada tsawon bol. Kaurin da ƙarfen ya ƙara, shi ya ragu daga abin da ke shiga rami. In kayan sun zo da dogayen bol, ka duba lambar kansu da tazarar tiredinsu, domin ƙafar mota ta cika amfani da siririn tiredi mai tazarar milimita 1.25 ko 1.5, kuma mai kauri zai shiga zagaye ɗaya ya cije. Wanda ya yi tsawo da yawa shi ma matsala ne: zai taɓo ƙarshen rami, sifana ta yi ƙara, alhali bai matse komai ba.

Gargaɗi: kowane bol ka fara shi da yatsunka, zagaye huɗu ko biyar. Da yawa daga notunan nan a cikin shasi aka yi musu walda, inda hannu ba ya kaiwa. In ka tura bol a karkace da injin ɗaure noti, ko tiredin ya mutu ko waldar ta ɓalle notin ya riƙa juyawa a ciki. Gyaran wannan sai an yanka jikin mota.

Ka sa duka bol ɗin sako-sako kafin ka matse ko ɗaya. In ramin ƙarshe ya ƙi haɗuwa da ɗan kaɗan, sau da yawa jikin motar ne ya ɗan murɗe a kan madogarai. Kada ka faɗaɗa ramin, kada ka banƙare da ƙarfe. Ka bari sai motar ta zauna a kan tayoyinta, yawanci zai shige da kansa. Ka bar wa salansa tazarar kamar santimita biyu, domin tana lilo kuma tana zafi. Ka duba notin juye man inji da filta ko har yanzu hannu yana kai musu. Ka kuma sani cewa ƙarfen yakan zama mafi kusa da ƙasa a motar, shi zai fara gaisawa da tudun hanya.

Mataki na 8: Ɗora nauyi kafin ɗaurin ƙarshe

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya sa na rubuta jagorar nan.

Bushin na roba ba ya juyawa a kan bol. A tsakiyarsa akwai ɗan bututun ƙarfe da aka manne da robar. In ka ɗaure bol, bututun nan ya kafe, ba ya ƙara motsi. Duk hawa da saukar da hannun ƙafa yake yi, robar ce take murɗewa tana komawa. An ƙera ta ne ta kasance a sake lokacin da mota take zaune a tsayinta, ta murɗa kaɗan sama, kaɗan ƙasa. To in ka ɗaure bol ɗin tayoyi suna reto a sama, ka kafe bututun a can ƙarshen saukar ƙafa. Da ka sauke motar, robar ta murɗe tun ba a tashi inji ba, kuma haka za ta kwana ta wuni. Kowane rami a hanya ƙari ne a kan murɗin da take ciki.

Ni kaina abin ya taɓa samuna. An canza mini hannuwan ƙasa guda biyu a wani gareji, sababbi fil, aka ɗaure su motar tana rataye. Na lura gabanta ya ɗan ɗaga da kamar kaurin yatsa, na ɗauka sabunta ce. Wata biyar bayan nan na fara jin "ƙwas" in na taka burki. Da na haska tocila, sai ga tsaga mai siffar jinjirin wata ta zagaye rabin bututun, a wuri ɗaya a duka ɓangarorin biyu, robar kuma baƙa wuluk tana sheƙi, ko tsufa ba ta fara ba. Kayan ba su da laifi. Na sake sayen wasu, na sake biyan alaimen.

Hanya mafi kyau ita ce motar ta tsaya a kan tayoyinta kai kuma kana ƙarƙashi: a kan rami, ko na'urar ɗagawa wadda ake hawa da taya, ko gangaren ƙarfe da ake tuƙa mota a hau. Ka matse bol ɗin bushin iya yadda ba za su faɗi ba amma bututun yana iya juyawa. Ka sa taya, ka sauke, ka tura motar gaba da baya 'yan mitoci, ka danna kowace kusurwa sau biyu ko uku. Turawar tana da muhimmanci, domin motar da aka sauke daga jak tayoyinta sukan cije ƙasa su hana ta zama sosai. Ka sake awon Mataki na 5. In ya yi daidai, ka hau da ita a hankali ka ɗaure.

In babu waɗannan, akwai hanya ta biyu. Motar tana kan madogarai, taya a cire, ka sa jak da katako a ƙarƙashin hannun ƙasa can kusa da boljoyin. Ka ɗaga a hankali kana aunawa daga tsakiyar cibiya zuwa bakin madigadi, har ya kai adadin da ka rubuta. A nan za ka ɗaure.

Gargaɗi: idonka ya kasance a kan madogarin wannan gefen. Da ka ga motar ta fara rabuwa da shi, ka tsaya, ka sassauta kaɗan har ta koma ta zauna. Sitabilaiza, sandar da ke rage wa mota karkata a kwana, tana haɗe da ƙafafu biyu, in ka ɗaga ɗaya ita kuma tana ja da baya, shi ya sa wani lokaci mota kan tashi kafin awo ya cika. Mafita ita ce ka ɗaga ƙafafun biyu tare, ko ka kwance ƙaramar sandar da ke haɗa sitabilaiza da ƙafa ta gefe ɗaya na ɗan lokaci. Kada ka sa jak a kan faifan burki ko kan notin boljoyin.

Waɗanne bol ne wannan doka ta shafa? Duk wanda ya ratsa ta tsakiyar bushin na roba kuma hannun yana juyawa a kansa: na cikin hannun ƙasa da na sama, na hannuwan baya, da na ƙasan shokar baya. Boljoyin da tayirod suna juyawa da kansu, ana iya ɗaure su a sama. Bushin na foliyuretan, wani nau'in roba mai tauri, shi ma yana zamewa a kan bututunsa da giris, bai damu da tsayi ba. Bol ɗin kurosmemba da ke shiga a tsaye ana ɗaure su a sama, kurosmembar tana tokare. Ƙarfen tokarar ƙasa kuwa na fi son a yi masa ɗaurin ƙarshe nauyi yana kan taya, don ya kama jikin motar a yanayin da take tafiya.

Wasu kamfanonin sukan wuce nan. A wasu motocin BMW littafi yana cewa a cika tanki a kuma ɗora kilo 68 a kowace kujerar gaba kafin a ɗaure. In littafinka ya faɗi irin wannan, ka bi. Sannan wanda ya sa gajeren sifirin ya rage wa motarsa tsayi, dole ya sassauta duk bol ɗin bushin ya sake ɗaure su a sabon tsayin, ko da bai canza su ba.

In bol ne mai noti a ɗaya ƙarshen, ka riƙe kan bol ɗin da sifana, ka ɗaure ta wajen notin, sai in littafi ya ce akasin haka. Duk wanda ka gama, ka ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfe nan take. Da haka za ka san wanda ka yi da wanda ka manta.

Mataki na 9: Taya, gwaji da alaimen

Notunan taya a tsallake ake ɗaure su, ɗaya sannan na ɗaya ɓangaren, kamar zanen tauraro. Toyota Corolla 103 Nm take ɗauka, yawancin ƙananan Honda 108, yawancin Volkswagen Golf 120. Ka duba na taka. Ka tabbata wayar ABS da tiyon burki sun koma maƙalansu. In motar tana da ƙaramar sandar da ke auna tsayi saboda fitilun gaba, ka ga tana nan a haɗe ba ta juye ba.

Ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tsaye, ka saurara. Ka fita a hankali, rediyo a kashe, gilashi a sauke. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe in ka taka totur tana nufin inji ko salansa na taɓa tokarar. "Ƙwas" a kan ƙaramin tudu yana nufin akwai bol ɗin da bai kama ba. Kwanar farko kada ka shige ta da gudu, domin motar tana iya amsa sitiyari da sauri fiye da yadda hannunka ya saba.

In ƙarfen sama kawai ka sa kuma notunan sun koma kan alamarsu, yawanci alaimen bai motsa ba. In ka taɓa kurosmemba, hannun ƙafa ko bol mai karkataccen washa, ka kai ta alaimen a cikin kwanakin nan, kafin taya ta fara cin gefe.

Mataki na 10: Sake dubawa

Notunan taya ka sake gwada su bayan kilomita 50 zuwa 100. Bayan kamar kilomita 200, ka buɗe bonet ka kuma leƙa ƙasa da tocila. Fentin da ke jikin sabon ƙarfe yakan ɗan lotsa a ƙarƙashin washa, ɗauri ya ragu. Notunan da adadi kawai aka ba su, ka ɗora musu sifanar awo a adadin nan. In ta yi ƙara ba su motsa ba, shi ke nan. Waɗanda aka yi wa ɗaurin kusurwa da waɗanda aka sa wa gam kada ka murɗa su, layin fentin kawai za ka duba. In layin ya rabu, ka cire bol ɗin, ka duba tiredin ramin da fuskar da yake zama a kai, ka sa sabo, ka ɗaure daga farko nauyin motar yana kan tayoyinta.